Dogayen RNA da Yaɗuwar Sankarar Huhu

Sankarar huhu ta kashe kimanin mutum miliyan 1.8 a duniya a shekarar 2022, kuma akasari ba ƙullutun farko ne ke kisa ba. Bazuwarsa zuwa ƙashi, hanta ko ƙwaƙwalwa ita ce babbar musibar. Me ke tunzura ƙwayoyin sankarar su bar huhu?

Wani ɓangare na amsar ya fito daga inda aka daɗe ana rainawa. Ƙasa da kashi 2 cikin 100 na DNA ɗin ɗan Adam ne ke ɗauke da umarnin ƙera furotin. Daga sauran ana kwafo dogayen zaren RNA, masu haruffa sama da 200, waɗanda ba sa ƙera furotin, sai dai su kunna wasu ƙwayoyin gado su kashe wasu.

A 2003, masu bincike a Munsta ta Jamus suka lura cewa marasa lafiyar da wani zare mai suna MALAT1 ya yi yawa a ƙullutunsu sun fi fuskantar bazuwar cutar, ko da an yi musu tiyata da wuri. A 2013 aka toshe shi a gwajin ɓeraye, sai ƙwayoyin sankarar suka rage ƙaura sosai. Wani zare mai suna HOTAIR kuwa yana jawo furotin da ke rufe bakin ƙwayoyin gado masu tsaron jiki. Shi kuwa zaren MEG3 na ɓangarenmu ne: yana ƙarfafa furotin p53 mai hana tsiro, amma yakan ragu a cikin sankarar.

Ni dai abin da ya fi ba ni fata shi ne ana iya gano wasu zarurrukan a jini, domin cutar takan ɓuya har sai ta yi nisa. Amma maganin da zai toshe su yana matakin gwaji tukuna.