Akuyar Kasuwa Baƙuwa Ce, A Ba Ta Masauki Dabam

Kwanan baya wani manomi daga wajen Bungudu ya tarad da ni a Sabon Garin Gusau, ransa a ɓace. Ya ce ya sami wata jar akuya da araha a kasuwa, ya kai ta gida da magariba, ya sake ta cikin awakin matarsa. Kafin mako biyu awaki 7 cikin 10 sun mutu, ga shi kuwa su za a sayar a yi wa 'yarsu kayan ɗaki. Na tambaye shi alamun da ya gani, sai ya ce zazzaɓi, da majina, da kwantsa, da miki a baki, sa'an nan zawo mai wari.

To, jama'a, wannan ita ce cutar da likitocin dabbobi ke kira PPR. 'Yar'uwar bushiya ce wadda ta ƙarar da shanun kakanninmu, amma ita awaki da tumaki take kamawa, ta kuwa fi tsanani ga awaki. A ƙasar Kwaddibuwa aka fara gane ta cikin 1942. Muguntarta ita ce, dabba takan ɗauke ta kwana 4 zuwa 6 ba a ga kome ba. Watau kana iya duba haƙora, ka shafa gadon baya, ka biya dillali la'adarsa, alhali annoba ka jawo da igiya. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Ga abin yi. Duk dabbar da ta fito kasuwa, a kafa mata turke nesa da garke har kwana 21, da kaskon ruwanta dabam, da harawarta dabam. Mai ba ta abinci ya fara da na gida tukuna, ya ƙare da ita, ya wanke hannu. In ta fara majina, maza a kira malamin dabbobi. Wadda ta mutu kuwa a binne ta da zurfi, kada a jefar a juji.

Babu maganin da ke kashe ƙwayar cutar in ta shiga, sai dai allurar riga-kafi. Ana yin ruwan allurar a Vom, kusa da Jos, allura ɗaya kuwa tana tsare dabba shekara 3. A yi wa 'yan awaki da 'yan tumaki da sun kai wata 4.

Ku kuma fatake masu kai dabbobi tsakanin Tsafe da Gusau, kada ku ɗora mai majina cikin mota ɗaya da lafiyayyu, domin uwar kuɗinku ce za ta tafi.

Da allura aka kau da bushiya daga duniya, aka yi shelar haka cikin 2011. Wannan ma za ta kau in kowa ya tsare turkensa. Allah ya sa albarka a kiwo, amin.