Jini, saiwa da fatar jaki: abubuwan mamaki daga maganin gargajiyar Sin

Idan ka kai wa mai maganin gargajiya na ƙasar Sin kukan kasala da jiri, ba allura zai ɗauko ya ɗebi jininka ba. Cewa zai yi ka fito da harshe. Idan ya gan shi fari-fari babu ja, leɓe ya koɗe, farce na karyewa, barci ya ƙi zuwa, sai ya yanke hukunci cewa jininka ya yi ƙaranci. Daga nan ya ɗora yatsu uku a wuyan hannunka na dama, ya koma na hagu, yana sauraren bugun jini. Wang Shuhe, wani likita na ƙarni na 3, ya rarrabe bugun jini iri 24. Na bayansa suka ga bai isa ba, suka ƙara.

Sai dai a kula, jinin da suke magana a kai ba shi ne wanda ake aunawa a asibiti ba. Mutum na iya zuwa gwaji a ce jininsa cike yake, shi kuwa mai magani ya dage cewa da saura. A lissafinsu saifa da ciki ne ke sarrafa abinci ya zama jini, hanta kuma ta adana shi. Likitan zamani zai girgiza kai, amma a kan wannan lissafi aka yi ƙarnoni ana haɗa magani.

Ga wani abin ɗaure kai. Shahararren haɗin ƙarin jini da likita Li Dongyuan ya rubuta a 1247 saiwoyi biyu ne kacal: dang gui, wadda aka sani da gyaran jini, da huang qi, wadda aikinta ƙara kuzari. To amma ta kuzarin ce kashi biyar, ta jinin kashi ɗaya. Hujjarsu ita ce jini ba ya samuwa sai da ƙarfin da zai haifar da shi. Dang gui mafi daraja kuwa daga gundumar Min ta lardin Gansu take fitowa, kuma likitoci na gargaɗin masu shan maganin tsinka jini irin su warfarin da su guje ta.

Akwai wata saiwa, shu di huang, da a al'ada ake turarawa sau tara a shanya sau tara, galibi da giyar shinkafa, har ta koma baƙa ƙirin tana danƙo.

Wani likita mai suna Li Shizhen ya kammala babban kundinsa na magunguna a 1578, da abubuwa 1,892 a ciki, tsirrai da dabbobi da duwatsu. Ya rasu a 1593, littafin bai fito ba sai 1596.

Rabin maganin ma a tukunyar miya yake. Jan 'ya'yan itacen nan da Sinawa ke jefawa a shayi da kunu don gyaran jini 'yan uwan magaryarmu ne, dangi ɗaya, nasu ne kawai suka fi girma da tsoka. Suna kuma dafa wa mai jego wata kaza mai farin gashi lallausa, wadda fatarta da namanta da ƙashinta duk baƙaƙe ne. Mai jegon Sin takan yi wata guda a ɗaka, ba ruwan sanyi, ba iska, kuma a tsohuwar al'ada ko wanka ba ta yi. A gaya wa ungozomar Kano wannan, a ga yadda za ta riƙe baki, ita da ke tafasa ruwa safe da yamma har kwana arba'in. Ga shi kuwa tsoro ɗaya ne ya haifi al'adun biyu, kada sanyi ya shiga jikin da ya zubar da jini.

Maganin da ya fi shafar mu shi ne ejiao. Fatar jaki ake dafawa har ta narke ta zama danƙo, a busar, a yanka guntu-guntu, wani lokaci a haɗa da baƙin riɗi a ci kamar alawa. Gundumar Dong'e a lardin Shandong ce gidansa. Da can abin masu hali ne, amma da kuɗi suka shiga hannun talakan Sin sai kowa ya nema, jakunansu kuma suka yi ta raguwa saboda injina sun karɓe aikinsu. Sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka. A 2015 Nijar ta fitar da jakuna kimanin 27,000; kafin 2016 ta ƙare adadin ya kai wajen 80,000, farashi ya ninka har uku, mai ɗibar ruwa da mai kai taki gona suka rasa abin saye. Gwamnati ta hana fitar da su a shekarar, haka ma Burkina Faso. A Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Addis Ababa da haramta yanka jaki don fatarsa a faɗin nahiyar. Duk wannan a kan wani danƙo ne da har yau ba a samu ƙwaƙƙwarar shaidar asibiti cewa ya fi ƙwayar ƙarin jini ta kyamis amfani ba.