Shanyewar ɓarin jiki: bayan sallama daga asibitin Diffa, wa ke bin sawun majinyaci?

Ranar da aka sallami mai shanyewar ɓarin jiki daga babban asibitin jihar Diffa, dangi sukan ɗauka an ƙetare. Alhali ranar ce jinyar ke komawa hannunsu. Cutar, wadda likitoci ke kira AVC da Faransanci, tana faruwa idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini ne babban mai jawo ta. Yawancin abin da jiki zai iya farfaɗowa da shi yana dawowa ne cikin watanni 3 na farko, watannin da majinyaci ke kwance a gida.

Ga mazaunin birnin Diffa, komawa asibiti a duba shi abu ne mai yiwuwa. Ga mutumin Barwa, a yankin Bosso kusa da tafkin Chadi, lissafin daban ne. Mutanen garin sun bar shi a 2015 saboda hare-haren Boko Haram, sai a watan Yunin 2021 dubbai suka koma. Wanda ba ya iya zama da kansa sai an ɗauki mota da ɗan rakiya, kuma idan kogin Komadugu ya cika ya malala, kamar a 2019 da 2022, tafiyar takan ƙara wuya. Idan aka tura shi babban asibitin Damagaram, tafiya ce ta fiye da kilomita 400 daga Diffa.

To yaya za a gane ko tallafin da aka ba shi ya yi amfani? Ƙirga waɗanda aka sallama da rai bai isa ba. Tun 1965 likitoci ke da ma'aunin Barthel, tambayoyi 10 kan rayuwar yau da kullum: yana ci da kansa, yana wanka, yana sa tufafi, yana zuwa bayan gida, yana tafiya? Ba ya buƙatar na'ura. Ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauye zai iya cike shi ranar dawowa gida, ya sake bayan wata 3, a kwatanta. A haɗa da awon jini da tambaya guda: maganin hawan jinin yana nan, ko ya ƙare ba a saya ba? Nan ne aka fi yin sake, domin mutum yakan daina sha da ya ji sauƙi, kuma cutar tana iya dawowa.

Wasu za su ce a koya wa iyali motsa jikin kawai, shi ke nan. An gwada hakan a Indiya a kan majinyata 1,250, aka fitar da sakamako a 2017: bayan wata 6, waɗanda aka horar da iyalansu ba su fi sauran samun sauƙi ba. Inda aka ga amfani, a ƙasashe irin su Ingila da Norwe, ma'aikata ne ke bin majinyaci har gida. A ganina darasin ya shafe mu kai tsaye: a nuna wa mata ko ɗiya abin yi sau ɗaya a bakin gado sannan a sallame su, wannan bai kai tallafi ba. Ko kiran waya ne a kai a kai daga ma'aikacin da ya san majinyacin, ya fi shiru.

Kafin hakan ta samu, akwai abin da ya kamata mai jinya ya riƙe. A riƙa juya wanda ke kwance duk bayan awa 2 don kada fata ta yi gyambo. A zaunar da shi tsaye kafin a ba shi koko ko fura. Idan yana shaƙewa yana tari, abinci na iya shiga huhu, a sanar da likita. Kada a ɗaga shi ta hannun da ya shanye, kafaɗa na iya gocewa. A rage gishiri da dunƙulen miya. Addu'a ba ta hana shan magani, amma kada a ba shi asfirin sai likita ya ce, don idan jijiya ce ta fashe, zubar jinin zai ƙaru.

Idan baki ya sake karkacewa, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a nemi mota nan take, ko da dare ne.