Lahadi a Ingila: Yadda Iyalan Kirista Daga Arewa Ke Riƙe Bangaskiyarsu

A Jos ko Kafanchan ko Numan, ba sai an duba kalanda ba kafin a san Lahadi ta yi. Ganga na tashi tun da sassafe, matan Zumunta sun sha ankonsu, yara na riƙe da kuɗin baiko, unguwa duka ta nufi hanya guda. Iyalin da suka tashi cikin wannan, in suka sauka a Manchesta ko Birmingham, abin da ke fara ba su mamaki shi ne shirun safiyar Lahadi. Maƙwabci na wanke mota, wani ya fita da karensa, manyan kantuna kuma na shirin buɗewa na sa'o'i shida, kamar yadda dokar 1994 ta ba su dama.

Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 46.2 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales ne suka kira kansu Kirista, alhali a 2011 sun kai kashi 59.3. Waɗanda suka ce ba su da addini sun haura kashi 37. Wannan na sosa ran Kiristan Arewa fiye da yadda ake zato, don daga ƙasar nan bishara ta je masa. Likita Walter Miller, wanda ya yi aiki a Zariya da Wusasa kuma ya ja gaba wajen fassara Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, mutumin Ingila ne. Mishan ɗin SUM da ya sauka a Wase a 1904, wanda ya haifi COCIN, tushensa na birnin Sheffield. Jikokin waɗanda aka yi wa wa'azi sun zo gidan masu wa'azin, sun tarar wasu tsofaffin majami'u sun koma gidajen haya da wuraren cin abinci.

Da yawa daga cikin sababbin zuwan ta hanyar aikin lafiya suka shigo. A watan Agustan 2020 Birtaniya ta buɗe biza ta musamman ga likitoci da ma'aikatan jinya, a Fabrairun 2022 kuma ta ƙara da masu kula da tsofaffi. Dubban 'yan Najeriya sun bi wannan ƙofa da matansu ko mazansu da 'ya'yansu. Tun kafin wannan tururuwar ma, ƙidayar 2021 ta samu haifaffun Najeriya kimanin 270,000 a Ingila da Wales.

Abin da ke gwada bangaskiyar irin waɗannan iyalai ba tsanantawa ba ne, jadawalin aiki ne. Asibiti da gidan kula da tsofaffi ba su san Lahadi ba. A asibitocin gwamnati ma aikin Lahadi ya fi na sauran ranaku kuɗi, ga kuɗin haya da na wuta da na ɗumama ɗaki, ga 'yan'uwa a gida suna jiran aike. Uwa ta kwana a aiki na sa'o'i goma sha biyu, ta shigo da safe, uba ya miƙa mata yara ya fice. Babu kaka, babu ƙanwar miji, babu maƙwabciyar da za a ce mata, “Maman Bulus, ga yaran nan, bari in je in dawo.” Barin ƙaramin yaro shi kaɗai a halin da zai iya cutuwa laifi ne a dokar ƙasar. Matar da ba ta taɓa fashin taron Zumuntar Mata ba sai ta yi wata guda ba ta taka majami'a ba, ta riƙa jin kamar ta ja da baya, alhali gajiya ce kawai. A watan Disamba kuwa rana na faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu, sanyi da duhu su ƙara wa mutum kaɗaici.

Sai batun inda za a yi sujada. Majami'un 'yan Afirka ba su yi kaɗan ba. Cocin Redeemed, wadda ta fara a Legas a 1952, tana da ɗaruruwan rassa a Birtaniya, wasu a zauren makaranta, wasu a tsohon sito. Wani binciken Jami'ar Roehampton na 2013 ya ƙirga aƙalla majami'u 240 na baƙar fata a yankin Southwark kaɗai. Amma wanda ya girma a ECWA ko COCIN ko EYN, da Littafin Waƙoƙi a hannu da dattawan ikkilisiya a gaba, ba lallai ne salon Fentikos ya kwanta masa ba. Da yawa kan zaɓi cocin Anglika ko Baftis ko Katolika mafi kusa da gida. Can sujada ba ta cika wuce sa'a guda da 'yan mintoci ba, a tashi a sha shayi da biskit. Ana karɓar baƙo da fara'a, kuma ikkilisiyoyi da dama da suka koma na tsofaffi zalla sun sake jin hayaniyar yara saboda zuwan waɗannan iyalai.

Sai dai fara'ar bakin ƙofa daban, zumunci daban. Bature ba ya faɗowa gidan mutum haka kawai, sai an sa rana da lokaci. In aka yi rasuwa a gida Najeriya, wanda ya saba ganin tsakar gida ta cika da masu ta'aziyya har kwanaki, zai ga kati ne aka zura masa ta ramin wasiƙa. Shi ya sa 'yan Arewa ke haɗa nasu ƙananan zumunta: a taru a falon wani, a rera waƙoƙin Hausa, a ci tuwo ko gwaten acca, a yi adashi, a tara kuɗi in za a kai gawa gida. A irin wannan zama ne sabon zuwa ke jin inda ake sayar da manja da garin masara, da yadda ake neman wa yaro makaranta.

A wurin aiki ma akwai sabon karatu. Ma'aikaciyar jinya a asibitin mishan a gida Najeriya ta saba ta riƙe hannun majinyaci ta yi masa addu'a. Ƙa'idar aikin jinya a Birtaniya ta hana bayyana wa majinyaci ra'ayin addini ta hanyar da ba ta dace ba, an kuma sha hukunta ma'aikata a kan haka. Duk da haka doka na kare mai bi. A farkon 2022 wata 'yar asalin Najeriya, 'yar Katolika, ta yi nasara a kotun ma'aikata a kan wani asibitin Kudancin Landan da ya matsa mata ta cire sarƙar gicciye daga wuyanta.

Inda abin ya fi nauyi shi ne tarbiyya. Scotland ta haramta dukan yaro kowane iri a 2020, Wales ta bi sahu a 2022. A Ingila akwai ɗan sassauci, amma bulala ko duk dukan da ya bar shaida na iya jawo ma'aikatan kare yara har cikin gida, don malaman makaranta wajibi ne su kai rahoto. Yaron kuma na zaune a aji da Musulmi da Hindu da wanda bai yarda akwai Allah ba, ana koya masa ya tambayi dalilin komai. Ranar da ya dawo ya ce, “Baba, ta yaya muka san gaskiya ne?” tsawa ba za ta yi aiki ba. Aikin da malamin makarantar Lahadi da kawu da gwaggo da unguwa duka suke rabawa a gida, yanzu ya dawo kan mutum biyu da suka gaji. Iyayen da suka fi dacewa su ne masu zama su amsa tambaya, su riƙe addu'ar iyali ko da ta minti goma ce, su kuma jure wa yaro yana amsa Hausa da Turanci ba tare da sun daina yi masa Hausar ba.

Wasu ma ba su samu zama tare ba. Daga 11 ga Maris 2024 an hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyalansu, bayan an yi wa yawancin ɗaliban digiri na biyu haka a watan Janairu. Yanzu akwai gidajen da uwa ke Ingila, uba da yara na Jos ko Yola, addu'ar dare ta koma kiran bidiyo a WhatsApp. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon ƙasashen biyu ɗaya ne, amma da hunturu Najeriya na gaba da sa'a guda, dole uwa ta nemi hutunta da wuri in tana so ta samu yaran kafin su yi barci.