Daga Daddawa zuwa Dunƙule: Gishirin Masana'anta da Matsalar Hawan Jini

Gabatarwa

Ana yawan kallon cutar hawan jini a matsayin lamarin da ya shafi gado, ko yawan shekaru, ko damuwa. Duk da haka, akwai wani ɓangare na musabbabinta da ake yanke hukuncinsa nesa da madafar gida, wato a masana'antar da ke sarrafa abinci. Wannan maƙala ta ɗauki dunƙulen miya, wanda aka fi sani da magi, a matsayin misali domin bayyana yadda shawarar kamfani kan zama al'adar cin abinci, sannan ta yi tasiri ga lafiyar al'umma.

Yadda dunƙule ya shiga tukunya

Kafin zuwan dunƙule, ɗanɗanon miyar Bahaushe ya dogara ne a kan daddawar kalwa, wadda ake samu daga 'ya'yan ɗorawa bayan an dafa su an bar su sun ruɓa. Wannan ruɓawar ce ke fito da sinadarin gulutamet, mai sa miya ta yi armashi a baki. Gishiri kuwa daban ake zuba shi, gwargwadon yadda mai girki ta ga dama.

Dunƙule ya samo asali ne daga Turai. Kamfanin Julius Maggi na ƙasar Suwizalan ya fara sayar da shi a 1908, kuma a 1947 kamfanin ya haɗe da Nestlé. Abin da ya ba shi karɓuwa a Afirka ta Yamma a fili yake: ba shi da tsada, ana sayen sa ɗaya-ɗaya a teburin unguwa, ba ya lalacewa da wuri, kuma yana rufa asirin miyar da ba ta samu nama ba. Sai dai ya zo da wani sauyi da ba kasafai ake lura da shi ba, domin ya haɗe ɗanɗano da gishiri wuri guda. Kimanin rabin nauyin dunƙule gishiri ne. Saboda haka duk matar da ta ƙara ɗaya domin miya ta yi daɗi, ta ƙara gishiri ko da ba ta yi niyya ba, kuma sau da yawa takan sake barbaɗa wani a kai.

Abin da gishiri ke yi a jiki

Sinadarin sodiyam, wanda shi ne kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyin gishiri, yana riƙe ruwa a jiki. Idan ya yi yawa, adadin ruwan da ke cikin jini yakan ƙaru, zuciya ta riƙa harbawa da ƙarfi, jijiyoyi kuma su yi ta ɗaukar matsin da ya wuce kima. A tsawon shekaru, wannan kan kai ga shanyewar ɓarin jiki, da ciwon zuciya, da lalacewar ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan cikin ƙaramin cokali ɗaya. Wannan ma'auni ya haɗa da gishirin burodi, da taliyar leda, da yajin tsire, da dunƙule, ba wanda aka zuba da hannu kaɗai ba.

Darasi daga Ingila da Afirka ta Kudu

Tun da mai saye ba zai iya tsame gishirin da aka riga aka cusa cikin kaya ba, wasu ƙasashe sun mayar da hankali ga masana'anta. A Ingila, hukuma ta sa kamfanoni su riƙa rage gishiri sannu a hankali, kuma tsakanin 2003 da 2011 matsakaicin abin da baligi ke ci a rana ya sauko daga giram 9.5 zuwa 8.1. Hikimar ita ce harshe yakan saba da ƙarancin gishiri idan ragin bai zo lokaci guda ba. Afirka ta Kudu kuwa doka ta kafa a 2013, wadda ta fara aiki a 2016, ta ƙayyade yawan sodiyam a burodi, da sarrafaffen nama, har da dunƙulen miya. Amfanin doka shi ne ta hau kan kowa, don haka babu kamfanin da zai ji tsoron abokin gasa ya ƙwace masa kasuwa da kaya mai gishiri.

Kaifi biyu

Ba adalci ba ne a ɗauki masana'anta a matsayin tushen cuta kawai. Nijeriya ta wajabta sanya sinadarin ayodin a gishiri tun 1993, matakin da ya taimaka wajen rage cutar maƙoƙo da tawayar ƙwaƙwalwar yara. Haka kuma manyan kamfanoni sun fara ƙara sinadarin ƙarfe a dunƙule domin yaƙi da ƙarancin jini. A nan ne matsalar ta yi sarƙaƙiya: idan aka tallata dunƙule a matsayin mai gina jiki, za a ƙarfafa cin gishiri. Mafita ita ce a rage gishirin, a kuma daidaita adadin ayodin da ke cikinsa, ta yadda maganin wata cuta ba zai haifar da wata ba.

Kammalawa

Wayar da kan masu girki yana da muhimmanci, haka ma farfaɗo da daddawa, da citta, da tafarnuwa, da sauran kayan ƙanshin da ke ba miya ɗanɗano ba tare da ƙarin gishiri ba. Amma nasiha kaɗai ba za ta wadatar ba muddin ma'aunin yana hannun masana'anta. Ragin da aka yi wa dunƙule tun daga injin da ke buga shi zai isa miliyoyin tukwane a rana guda, har da na gidajen da ba su taɓa jin wata faɗakarwa ba.