Aikin sojan ruwa: ina ake samun labarinsa na gaskiya?

Ɗan'uwa mai karatu, ka san ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Daga Yamai zuwa bakin teku a Kwatano, mota tana cin fiye da kilomita 1000. Don haka ba mu da rundunar sojan ruwa irin ta ƙasashen bakin teku. Akwai dai jandarmomi masu sintiri da jiragen ruwa bisa kogin Isa, amma su jandarmomi ne.

Duk da haka, zancen sojan ruwa yana yawan tasowa a cibiyoyinmu na yaƙi da jahilci, musamman a ƙauyukan bakin iyaka, daga Birnin Ƙonni zuwa Madarunfa har Magariya. Dalili a fili yake. Da wuya ka sami gidan da ba shi da dangi a Katsina, Daura, Sakkwato ko Kano. Wani ɗan ƙanwarsa ne yake son shiga aikin. Wata kuma mijinta ne ya yi aikin ya rasu, ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. Ga kuma masu neman labarin kakansu da ya yi soja zamanin Faransa.

Wane ne ake ɗauka?

Rundunar sojan ruwa mafi kusa da mu ita ce ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1956. Babban ofishinta yana Abuja. Manyan sansanoninta suna kudu, a Legas da Kalaba da Yenagowa. Tana da sansani a Baga, bakin tafkin Cadi, kusa da jaharmu ta Difa.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne wannan: ɗan ƙasar Nijeriya kaɗai ake ɗauka. Bisa tsarin mulkinsu na 1999, yaron da aka haifa a waje yana zama ɗan ƙasa idan uwarsa ko ubansa ɗan Nijeriya ne. Ke nan yaron da aka haifa a Maraɗi, uwarsa Bakatsina, yana da hanya ta halal, in dai ya nemi takardunsa bisa ƙa'ida. Wanda ba shi da uwa ko uba a can, ba shi da hanya. Akwai masu cewa a sayi takardar shaidar ƙaramar hukuma a ɓoye. Kada ka yarda. Ana bincike lokacin tantancewa, kuma ranar da asiri ya tonu kora ce, wani lokaci har da kurkuku.

Ƙofofin shiga ba ɗaya ba ne. Mai son zama ƙaramin soja yana bukatar takardar gama sakandare ta WAEC ko NECO, da sakamako mai kyau a darussa 5, cikinsu da Turancin Ingilishi da lissafi. A sanarwoyin da aka saba fitarwa, ana neman mai shekara 18 zuwa 22, wanda bai yi aure ba. Tsayin namiji ya kai mita 1 da santimita 69, na mace mita 1 da santimita 65. I, ana ɗaukar mata. Ana kuma neman lambar shaidar ɗan ƙasa da suke kira NIN. Wanda ya ci jarrabawa, likita kuma ya tabbatar da lafiyarsa, sai a kai shi makarantar horo ta Onne a jahar Ribas, inda zai yi kamar wata 6. Mai son zama hafsa kuwa, hanyarsa ita ce makarantar hafsoshi ta Kaduna, NDA, wadda aka buɗe a 1964. Karatunta shekara 5 ne. Masu digirin jami'a suna da tasu ƙofa, mai gajeren horo.

Lura da batun harshe. Yaron da ya yi lakkol a nan da Faransanci ya yi karatu, can kuwa komi da Ingilishi ake yi. Iyaye da yawa ba su tunanin wannan sai lokaci ya ƙure.

Takardar neman aiki kyauta ce

Nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Rundunar tana sanar da ɗaukar sababbin sojoji a jaridu da shafinta na intanet, kuma duk lokacin da ta yi sanarwa tana maimaita cewa cike takardar kyauta ne. Abin da za ka biya kawai shi ne ladan mai shagon kwamfuta da ya taimaka maka.

Na san wani manomi da ya sayar da bijimin nomansa ana gab da damina. Wani mai babbar riga ne ya ce masa yana da hanya, zai sa sunan ɗansa. Ya ba shi takarda mai hatimi da hoton jirgi. Manomin bai iya karatu ba a lokacin, ya adana ta cikin adaka wata huɗu. Ranar da aka karanta masa ita, ko sunan ɗansa ba a rubuta daidai ba, mai babbar riga kuma wayarsa ta daina shiga. A shekarar, da hauya ya yi noma.

Idan aka turo maka sanarwa ta WhatsApp ko Facebook, kada ka yi gaggawa. Duba ranar da aka rubuta ta, domin tsofaffin sanarwoyi suna yawo shekara da shekaru. Ka sa wanda ka amince da shi ya buɗe shafin rundunar da kansa, ya gani ko maganar tana can. Sharuɗɗan shekaru da na takardu suna iya canzawa, sabuwar sanarwa ita ce abin bi. Duk wanda ya ba ka lambar asusu ya ce ka tura kuɗi, ɓarawo ne, ko da ya sa kaki.

Ga ɗan Nijar tsantsa mai sha'awar teku, akwai wata hanya da ba ta soja ba, wato aikin jiragen kasuwa da na tashoshin ruwa. A Abijan akwai makarantar ƙasashen yankinmu mai suna ARSTM, da ke koyar da tuƙin jirgi, gyaran injinsa da sha'anin fiton kaya, kuma da Faransanci ake karatu. A Akara ta ƙasar Gana ma akwai jami'ar aikin teku. Kayan da ke cika kasuwar Maraɗi ai ta jirgin ruwa yawancinsu suke zuwa.

Neman takardun wanda ya yi aiki

Kowane soja, na ƙasa ko na ruwa, yana da lamba. Ranar da aka ɗauke shi ake ba shi ita, kuma da ita ake rubuta komi nasa: inda ya zauna, girman da ya samu, raunin da ya ji, ranar da ya bar aiki. Suna yana iya rikicewa. Masu suna Musa Abdu sun fi a ƙirga. Lamba kuwa ta mutum ɗaya ce. Kafin ka kashe kuɗin mota zuwa wani ofishi, fara bincike a ɗaka. Buɗe adaka, duba tsofaffin wasiƙu, littafin soja, takardar sallama, katin fansho, har bayan hotuna. In ka ga lambar, kwafe ta cikin littafinka harafi da harafi, ka sa wani ya sake dubawa. Sifiri ɗaya in ya ɓace, an koma kan wani mutum dabam.

Idan a Nijeriya mamacin ya yi aiki, takardunsa suna hannun rundunar, batun kuɗin ritaya kuma yana hannun Hukumar Fanshon Sojoji da ke Abuja. Za su fara duba sunan magajin da shi sojan ya rubuta da hannunsa tun yana raye. Da wannan magaji ake magana. Saboda haka in kana da ɗa ko miji a bakin aiki, tambaye shi yau sunan wa ya rubuta. Wani tun yana saurayi ya sa sunan wansa, ya yi aure ya haifu bai canza ba, sai rigima ta tashi bayan ransa. Magaji zai tanadi takardar mutuwa, takardar aure, takardun haihuwar yara da katin shaidarsa.

Na zamanin Faransa sun fi wuya, amma takardun suna nan. Kafin samun mulkin kai a 1960, an ɗebi samari daga ƙasar nan zuwa yaƙin 1914 zuwa 1918, da na 1939 zuwa 1945, da na Indocin da Aljeriya. Kusan dukansu sojan ƙasa ne, ko da yake a jirgin ruwa aka kai su. Shi ya sa jikoki suke cewa kakansu sojan ruwa ne, don sun ji yana ba da labarin teku. Bambancin yana da amfani, domin ma'ajiyar ba ɗaya ba ce. Takardun sojan ƙasa suna garin Pau, a cibiyar da ake kira CAPM. Na waɗanda suka yi aikin jirgin yaƙi suna wajen ofishin rajistar sojan ruwa a garin Toulon. Wanda ya mutu a fagen fama, ana iya neman sunansa kyauta a shafin intanet mai suna Mémoire des hommes.

A nan sai an yi haƙuri da rubutun suna. Magatakardan Nasara yadda kunnensa ya ji yake rubutawa. Mamman ya koma Mahamane, Usmanu ya koma Ousmane, Tasawa ta koma Tessaoua. Sau da yawa sunan ƙauye ko na uba aka maƙala wa mutum, shekarar haihuwa kuma ƙiyasi aka yi. Cikin wasiƙarka ka rubuta sunan ta kowace fuska da kake zato, da sunan ubansa da uwarsa, ƙauyensu, garin da aka ɗauke shi, da shekarar in an tuna. Ka faɗi dangantakarka da shi, ka haɗa da kwafin takardar da ke tabbatar da ita. Da Faransanci za a rubuta, malamin cibiyarku zai taimaka. An rufe ofishin jakadancin Faransa na Yamai a watan Janairun 2024, don haka hanyar gidan waya ko ta intanet ta fi tabbas. Ƙungiyar mazan jiya ta jaharku ma ta saba da irin waɗannan wasiƙu.

Game da kuɗi, kada a ruɗe ka. Dokar Faransa ta 1959 ta daskarar da fanshon mazan jiya na Afirka, ya tsaya cik shekaru da dama. An fara daidaita wani sashe da na Faransawa a 2007, sauran kuma daga Janairun 2011, ga wanda ya rubuta ya nema. Matar mamaci tana iya samun rabo daga fanshon ritayar mijinta. Amma ɗan kuɗin girmamawa da ake bai wa mai katin yaƙi yana ƙarewa ranar da ya rasu, ba a gadonsa. Jika kuwa ba ya cikin masu karɓa. Abin da zai samu shi ne tarihin kakansa a rubuce.

Kada ka taɓa aika takarda ta asali. Yi kwafi, ka kai ma'aikatar magajin gari a buga masa hatimi, shi za ka aika. Ta asalin ka naɗe ta cikin leda, ka ajiye inda gara da ɗigon ruwa ba su kaiwa. Rubuta ranar da ka aika wasiƙa cikin littafinka. Amsa takan ɗauki watanni. In shiru ya yi yawa, sake rubutawa, ka ambaci ranar wasiƙar farko.