Tsayin Sirdi da Lafiyar Gwiwa: Abin da Binciken Kimiyya Ya Gano Game da Keke

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, mutane da dama suka waiwayi keken da suka jingine a zaure. A ƙasar Zurmi, Shinkafi da Ƙaura Namoda kuwa, dama keke bai taɓa yin ritaya ba. Shi ke kai manomin garin Dauran gona, shi ke ɗauko jarkokin ruwa, shi ke kai ɗalibi makaranta. Sai dai kusan kowa yana hawansa ne yadda ya fito daga hannun mai sayarwa, dogo da gajere sirdi ɗaya. In gwiwa ta fara ciwo a ce tsufa ne ko sanyin ƙashi. Ruwa ba ya tsami banza: sau da yawa laifin na tsayin sirdi ne.

Mai tuƙi a natse, wanda ƙafarsa ke zagaya sau 60 a minti ɗaya, yana lanƙwasa kowace gwiwa sau 3,600 a awa guda. Idan sirdi ya yi ƙasa, gwiwa ba ta miƙewa, ƙoƙonta yana matsuwa a kan ƙashin cinya duk lokacin da aka danna feda, ciwon kuma ya fi fitowa ta gaba. Idan ya yi sama da yawa, ƙafa na miƙo don ta cimma feda, kwankwaso na rangaji dama da hagu, ciwo ya koma bayan gwiwa da gadon baya.

Fiye da shekara hamsin ke nan masana suna neman ma'aunin da ya dace. A 1967, Hamley da Thomas a Loughborough ta Ingila suka auna ƙarfin da mahaya ke fitarwa a tsayin sirdi daban-daban. Suka ga ya fi yawa idan nisan da ke tsakanin saman sirdi da feda, tana can ƙasa, ya kai kashi 109 cikin 100 na tsawon ƙafa daga matsematsi zuwa ƙasa. Wato mai ƙafa santimita 80 zai so kusan santimita 87. Daga baya Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar keke ta zagaye Faransa a 1986, 1989 da 1990, ya yaɗa wani lissafin: a ninka tsawon ƙafa da 0.883, a auna daga tsakiyar ƙarfen da fedoji ke juyawa a kansa.

Raunin lissafin shi ne jikin mutane ba iri ɗaya ba ne. Mutum biyu za su yi tsawon ƙafa ɗaya, amma wannan cinyarsa ce doguwa, wancan ƙaurinsa, tafin ƙafarsu ma ya bambanta. Don haka a 1994 Holmes, Pruitt da Whalen suka ba da shawarar a auna gwiwar kanta: idan feda tana ƙasa, lanƙwasar gwiwa ta kasance tsakanin digiri 25 zuwa 35 daga miƙewa sak. Gwaje-gwajen da Will Peveler ya yi a Amurka sun nuna cewa lissafin kashi 109 yakan jefa mahaya da yawa waje da wannan iyaka.

Sai wata matsalar ta ɓullo. Awon da aka yi wa mutum yana zaune shiru bai yi daidai da na lokacin da yake tuƙi ba. Da zarar ya fara danna feda, idon sawu yana motsi, dunduniya tana ɗagawa, zama a kan sirdi yana gusawa, gwiwa kuma takan fi lanƙwasa da wasu 'yan digirori. Wannan ya sa bincike ya koma ga auna mutum yana cikin motsi. Ana kafa keke a kan mariƙi, a manna alamomi a gaɓoɓi takwas: wuyan hannu, gwiwar hannu, kafaɗa, kwankwaso, gwiwa, idon sawu, dunduniya da gindin yatsun ƙafa. Kyamara na bin alamomin, kwamfuta na fitar da kusurwar kowace gaɓa a kowane zagaye. Haka na'urar Retül, wadda aka fara a Boulder ta jihar Kolorado a 2007, take aiki. Manhajar Kinovea kuwa kyauta ce, tana auna kusurwa daga bidiyon da aka ɗauka da waya.

Na'ura ma tana da inda take tuntuɓe. Alamar a kan fata take, fata kuwa tana zamewa a kan ƙashi, musamman a kwankwaso. Kyamarar da ba ta fuskanci keke daidai ta gefe ba za ta ba da kusurwar ƙarya. Shi ya sa ƙwararru ke haɗa lambobin da tambayar mahayin inda yake jin ciwo.

Mutumin Dauran ba sai ya jira kwamfuta ba. Ya hau keke wani ya riƙe masa, ya ɗora dunduniya a kan feda, ya juya ta zuwa ƙasa. Ƙafar ta miƙe sak ba tare da kwankwaso ya karkata ba. Idan ya mayar da gaban tafin ƙafa kan feda, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa, abin da ake nema ke nan. Sifana ɗaya ta isa. A riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan, ana gwadawa kwana biyu, kuma kada a zaro ƙarfen sirdi ya wuce iyakar da aka zana a jikinsa, don yana iya karyewa. Shi kuwa yaron da ke zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar keken babansa yana tuƙi a karkace, matsalarsa ba ta sirdi ba ce: keken ya fi ƙarfinsa, kuma birki ma ba ya kamuwa da kyau a hannunsa.

Akwai giɓin da ya dame ni. Yawancin wannan bincike an yi shi ne a kan 'yan tsere, masu keke mara nauyi a kan kwalta. Namu mahayin yana kan Phoenix ko Raleigh mai giya ɗaya, da buhun gero a kariya, cikin rairayi, sanye da silifa, kuma dole ya iya sauke ƙafa da sauri kada kaya ya rinjaye shi. Wane tsayin sirdi ne ya dace da shi? Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda tana da ɗaliban injiniya, a Gusau akwai jami'a da likitocin ƙashi. Waya, manhajar kyauta da mahaya masu son a gwada su sun isa a fara.

Kafin nan, aikin na masu gyaran keke ne. Tela ba ya miƙa wa mutum riga bai auna shi ba. Mai gyara ma, in ya gama facin taya da ɗaure birki, ya ce wa mai keken: "Malam, hau in ga ƙafarka." Minti biyar ne, kuma gwiwar da za ta ciyar da gida shekara da shekaru ake karewa.